Buhunan Citta a Ɗakin Bernice

Emilia ce ta kawo mini maganar, ranar Talata bayan an tashi daga koyon waƙar Zumuntar Mata. Ta ja ni gefe a bakin ƙofar coci ta rage murya, muryar da ko an rage ta ana jin ta daga bakin titi.

"Malama, kin ji na Bernice, matar Gershon? Ya shiga abin dare."

Hausar Emilia ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne a wurinta.

"Wane abin dare?"

"Maita mana! 'Yan ƙungiyarsu sun ce ya ba da mijinsa, ya ƙi, shi ya sa suna shaƙe shi. Da an fara addu'a a ɗakin nan, sai wuya ya kulle. Da idona na gani. Ba ya iya jure sunan Yesu."

Na tsufa a gaban allo a garin nan na Kafanchan, kuma na daɗe da lura cewa maita tana da zaɓe. Ba ta kama mai mota. Tsohuwa take kamawa, ko gwauruwa, ko wadda ciwo ya kwantar har ba ta da bakin musu. Bernice kuwa na san ta. Ita ke ba da waƙa a zumunta kafin ta kwanta, kuma kowa ya san tana da asma, domin kullum akwai inhela a jakarta, ɗan abin nan shuɗi da ake fesawa a baki idan numfashi ya tsaya. Da shi ta yi shekaru tana waƙa har ana jin ta a bayan coci.

Na ce wa Emilia ranar da za su koma yi mata addu'a su biyo ta gidana.

Gershon da kansa ya buɗe mana get. Dillalin citta ne, kuma dattijo a ikilisiya tun gashinsa bai fara fari ba. Mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, wanda ba ya manta ciwon kowa.

"Mama! Ke da kanki? Yaya gwiwar? Ta hagu ce, ko? Ku shigo, ku shigo, iyayena. Yau gidana ya yi albarka."

Ya bi da mu ta tsakar gida, muka wuce wani sito mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ya kai mu ɗakin matarsa. Tun daga bakin ƙofa yaji ya daki hancina. Buhunan busasshiyar citta ne jere a bango uku, daga ƙasa har rufi. A tsakiyarsu aka bar wurin gado ɗaya da 'yar hanyar wucewa. Taga a rufe, an toshe gefenta da tsumma.

"Sanyi yana tayar mata," in ji Gershon, da ya ga inda nake kallo.

Bernice tana zaune a gadon, an tokare ta da matasai. Rabin matar da na sani ce ta rage. Ta gaishe mu da kai.

Mu takwas ne, kujera kuwa ɗaya ce, tasa. Gershon ya ce iyayensa ba za su tsaya a tsaye a gidansa ba. Ya miƙa hannu sama ya jawo buhu ya dire shi ƙasa, tim. Ya bubbuge shi da tafin hannu don ya kwanta daidai zama. Ya jawo wani. Haka ya yi har kowa ta samu. A ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa ina ganin garin citta yana tashi kamar hayaƙi. Mata suka shiga atishawa suna dariya.

"Atishawar arziki ke nan," in ji wata. "Bana wanda ke da citta shi ne gwamna."

"Ina fa, Mama," in ji Gershon. "Tun da cuta ta cinye gonaki farashi ya hau, ɓarayi ba sa barin sito. Duk abin da na mallaka yana ɗakin nan. Wa zan ba ajiya in ba matata ba?"

Aka ce ayya. Aka ce Allah ya ƙaro irinsa.

Mai buga tulu ta fara, kacau-kacau ya shiga, aka ɗauki waƙa. Matan zumunta ba sa waƙa a sandare. Kowa tana tafi tana rausaya a kan buhunta, buhun kuma yana huci. Ba a kai baiti na biyu ba ƙirjin Bernice ya fara kuka kamar ɗan kyanwa. Ta dafa gado da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka, jijiyoyin wuyanta suka fito.

Emilia ta mintsine ni. "Kin gani? Kin gani ko?"

Na gani. Na kuma ga inda idon Bernice yake. Ba mu take kallo ba, ba sama ba. Aljihun gaban rigar mijinta take kallo.

Na ce, "Ina maganinta?"

"Mama, bari mu fara kiran Babban Likita," in ji Gershon. "Mu yi addu'a."

Kowa ta sunkuyar da kai ta rufe ido. Ni ban rufe ba. Na ɗauka ni kaɗai ce, ashe mu biyu ne.

Muryarsa tana rawa, tana karyewa a daidai wurin da ya kamata ta karye. Ya kira Ubangiji mai warkarwa, ya ambaci macen nan mai zubar jini, ya ambaci Li'azaru. Amma idonsa a buɗe yake, a kan matarsa. Fuskar ba fushi, ba tausayi, ba tsoro. Irin kallon da mace ke yi wa tukunya ne tana jiran ta tafasa. Leɓen Bernice ya fara komawa toka-toka, sai ya ɗan karkata kai don ya gani da kyau, bakinsa kuma bai daina addu'a ba.

Can ya juyo muka haɗa ido. Bai razana ba. Ya lumshe idonsa a hankali, kafin ya buɗe hawaye sun gangaro.

Da aka ce amin ya zaro inhela daga aljihu, ya tallabo kanta, ya fesa mata. Numfashi ya dawo kaɗan-kaɗan. Mata suka ɗaga hannu suna yabon Yesu da ya kori abokan gaba.

Ranar kasuwa na koma ni kaɗai. Kwaɗo a get, ta waje. Na zaga ta lungun bayan gida inda tagar ɗakinta take, na ƙwanƙwasa. Sai da aka jima tsumman ya motsa, taga ta buɗe kamar faɗin hannu.

"Mama, idan ya dawo ya ga an taɓa tsumman nan zai sani."

"Zai dake ki?"

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Gershon? Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ko murya bai taɓa ɗaga mini ba. Da ma dukana yake yi, Mama, da ina da abin nunawa."

Ta ba ni labari guntu-guntu, tana hutawa tsakanin magana. Tun bara Gershon ya shigo da buhunan. Da ta ce suna tayar mata da ciwo, ya ce na ɗan lokaci ne. Da ta kwashe tabarma ta koma falo, ya ce matar dattijo ba ta kwana a falo kamar baƙuwa, ya sa wa falon makulli. Daga nan ya karɓe inhelar, wai likita ya ce yawan shaƙa yana lalata zuciya, shi zai riƙa ba ta daidai ƙa'ida.

"Idan ciwon ya taso miki fa?"

"Sai ya jawo kujerar nan ya zauna."

"Ya yi me?"

"Ya zauna kawai. Wani lokaci yana cin gyaɗa. Wani lokaci ya tambaye ni, yanzu me kike ji? A ina ya fi matsewa? Kamar ɗan makaranta. Sai na fara ganin duhu, sannan ya tashi ya ba ni. Bayan nan ya shafa mini baya, ya dafa mini shayi da hannunsa. Ranar Lahadi ya ba da shaida."

"Idan ya fita kasuwa kamar yau?"

"Yana aljihunsa. Sai in kwanta kamar gawa, kada in motsa ƙura."

Na tambaye ta Doreen, 'yarsu ɗaya tilo da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Ta ce tana makaranta, uban ne ke kai ta, shi ke ɗauko ta, a ɗakinsa take kwana.

"Wannan siton na tsakar gida fa, me ke ciki?"

"Ba komai. Tsintsiya da tsohon sikeli."

Daga nan na wuce kasuwa wurin Alhaji Mijinyawa, wanda kakanninsa ma fataucin citta suka yi a garin nan, kuma shi ke sayen yawancin kayan Gershon. Na tarar da yaransa suna ɗinke buhuna, kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle.

"Malama, ni ko akuyata ba zan ɗaure a ɗakin busasshiyar citta ba," in ji shi. "Da na ji inda yake ajiya, na ce ya kawo sitona, ga maigadi, ga komai, ba sai ya biya ba. Ya yi godiya har da riƙe mini hannu. Bai kawo ba."

"To ka yi masa magana mana, Alhaji. Yana jin nauyinka."

Ya gyara hula ya dubi hanya.

"Maganar cikin gida ce, kuma dattijon coci ne. Kin san garin nan. Idan na sa baki, kafin la'asar ta zama wata magana daban. Ku can ku gyara abinku."

Na je wurin namu. Fasto Bartholomew ya saurare ni da haƙuri irin wanda ake yi wa tsofaffi.

"Mama, wa ba ya ajiye citta a ɗaki bana? Ni ma akwai buhu a ƙarƙashin gadona."

"Matarka tana da asma?"

"Mutumin nan shi ke yi mata wanka. Shi ke goya ta daga mota zuwa cikin coci, kin gani da idonki. Maza nawa za su zauna da mace ana faɗin abin da ake faɗi a kanta? 'Yan'uwansa sun ce ya kore ta, ya ƙi."

"Wa ya fara faɗin abin da ake faɗin?"

Fasto ya ce Gershon bai taɓa cewa matarsa mayya ce ba. Ya dai zo wurin dattawa yana kuka, ya roƙi a taya shi addu'a, domin ya lura duk lokacin da aka ambaci sunan Yesu a ɗakin sai ta shaƙe, kuma ya roƙe su kada maganar ta fita.

"Kuma ta fita," na ce.

"Mama, kina da ilimi, amma ba kowane abu ake ganewa da ilimi ba. A yi hankali kada Shaiɗan ya yi amfani da mu a raba abin da Allah ya haɗa."

Na shiga kemis na sayi inhela, na miƙa wa Bernice ta taga, ta ƙulle ta a bakin zane. Kwanakin da suka biyo ta ɗan farfaɗo. Har na ji ta wata rana tana rera waƙa ƙasa-ƙasa ta bayan tsumman.

Abin da ya tona ta ke nan. Gershon ya jawo kujera ya zauna, abin da yake jira bai zo ba.

Ranar Lahadi lokacin shaida ya fito gaba, ya ɗaga inhelar da na saya sama don kowa ya gani.

"Ikilisiya, ku taya ni gode wa Mama Malama. Da ɗan fanshonta ta saya wa matata magani, ba ta ma so a sani ba. Mama, Ubangiji ya gani. Na haɗa da ɗayan, ina ajiye da su wuri ɗaya."

Aka tafa mini. Jere uku a gabana Bernice take zaune, ba ta juyo ba. Ya mayar da abin aljihu ya danna maɓalli a kai.

Lahadin da ta biyo, da aka tashi sujada dattawa suka shiga taronsu, na kama hannunta na ce za mu zaga bayi. Keke napep yana jira a bayan coci. Ta tsaya tana waige.

"Doreen fa?"

Doreen tana cikin ofis, a kan cinyar ubanta. Ko taron dattawa da ita yake shiga, ana cewa ga uba.

"Ki fara numfashi tukuna," na ce. "Matacciya ba ta karɓo 'ya."

Na kai ta tasha, na raka ta har gidan ubanta a Fadan Kaje.

Iskar ƙauye ta yi abin da addu'ar zumunta ba ta yi ba. Da na koma duba ta na same ta a tsakar gida tana tankaɗen acca, kumatunta sun fara dawowa. Uwarta ta rasu da daɗewa. Ubanta, Baba Meshak, tsohon manomi ne da ba ya son hayaniya, kuma tun ranar da ta iso yake kallon hanya, domin ya san za a zo.

Aka zo. Fasto, dattawa biyu, da Gershon, da buhun shinkafa a bayan mota. Aka shimfiɗa benci a gindin mangwaro, aka kira kawunan Bernice. Ni ba a kira ni ba, na dai zauna, ba wanda ya iya cewa tsohuwa ta tashi.

Zaman sulhu a wurinmu yana da tambayoyinsa, kuma tun ina yarinya ba su canja ba. Babban kawun ne ya yi su.

"Yana dukan ki?"

"A'a."

"Yana shan burkutu ya dawo yana zage-zage?"

"A'a."

"Yana bin mata?"

"A'a."

"Ya hana ki abinci? Ya hana ki sutura? Ya zagi iyayenki?"

"A'a, Kawu."

Kawun ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a. "To me ya yi?"

Bernice ta juya zuwa yarensu, ko za ta fi samun kalmomi a can. Ta faɗi buhuna, ta faɗi aljihu, ta faɗi kujera. Da ta kai wurin gyaɗa wani daga cikin kawunan ya yi dariya, ya rufe baki.

"Wato laifinsa yana zama kusa da ke idan ba ki da lafiya?"

"Yana kallo na, Kawu."

"Ya kalli wa? Maƙwabciya?"

Sai Gershon ya sauko daga benci ya zube gwiwa biyu a ƙasa, da farin yadinsa, a gaban surukansa. Namiji mai mota ya durƙusa a turɓaya, abin da ba a saba gani ba. Baba Meshak ya miƙe yana cewa tashi, ɗana, tashi.

"Baba, bar ni. Na yi kuskure. Tsoron ɓarayi ya rufe mini ido, ban ga wahalar matata ba. Maganin ma don ina tsoron kada ta sha ya wuce kima ne. Idan ƙauna ta yi yawa har ta zama laifi, na amsa laifina. Ku hukunta ni."

Hawaye har kan yadi. Fasto ya ciro hankici yana share nasa.

Na ce, "Tun da ya amsa, a kwashe buhunan a mayar sito, a ba ta maganinta a hannunta, a bar get a buɗe."

"Gobe-goben nan, Mama," in ji Gershon. "Na gode da kika faɗa."

Bernice ta ce ba za ta koma ba. Ta faɗa a fili, sau biyu. Aka fara yi mata faɗa. Kawu ya ce an karɓi sadaki an ci an sha, ba a taɓa mayarwa a gidan nan ba. Fasto ya karanta wurin da aka ce a yafe bakwai-bakwai har sau saba'in. Baba Meshak ya ce shi ya tsufa, idan ya mutu wa zai riƙe ta, ga kuma abin da ake faɗi a kanta ya fara isowa ƙauye, matan unguwa sun daina aiko yara ɗiban wuta. Ta dai girgiza kai.

Gershon yana nan a durƙushe. Ya ɗago kai ya yi magana a tausashe.

"A bar ta, kada a matsa mata. Ta huta ko wata nawa ne. Doreen ce dai abin tausayi. Tun da kika tafi ta ƙi kwana ko'ina sai a gadonki, wai tana jin ƙanshinki. Na bar ta. Shekaranjiya na ji ƙirjinta yana ɗan kuka, irin naki. Amma kada ki damu, ina lura da ita."

"Ayya," in ji kawu. "Kewar uwa."

Bernice ta dube shi. Ta dube ni. Ta tashi ta shiga ɗaki, ba a jima ba ta fito da ƙullin kayanta. Aka yi addu'ar godiya, aka kawo kunu.

Ana ta sallama na tsaya jikin mota. Gershon ya zo yana kakkaɓe ƙasa daga gwiwar wandonsa. Idon ya bushe sarai, kamar ba shi ba. Ba kowa kusa da mu.

"Na gan ka ranar nan," na ce. "Idonka a buɗe."

"Na sani, Mama. Ke ma naki a buɗe." Ya yi murmushi. "Ki kwantar da hankalinki. Ba za ta mutu ba. Na san daidai lokacin da zan ba ta. Ban taɓa makara ba."

"Me ta yi maka?"

Ya yi tunani da gaske, kamar an tambaye shi hanyar wani gari da bai taɓa zuwa ba.

"Ba ta yi komai ba. Bernice mace ce mai kirki." Ya buɗe mini ƙofar gaba. "Shiga nan, Mama, saboda gwiwarki."

Na faɗa wa Fasto abin da ya ce, kalma da kalma. Fasto ya ce ai magana ce mai kyau, mutum yana tabbatar mini yana kula da matarsa. Na maimaita wa kaina a hanya, na ji lallai idan aka cire fuskar da ta faɗe ta, ba abin kamawa a ciki.

Buhunan ba su motsa ba. Gobe ta farko masu dako ba su zo ba. Daga baya aka ce ɓera ya shiga sito, sai an sa magani. Daga baya rufin siton yana yoyo. Duk wanda ya tambaya yana samun amsa mai kyau da godiya a kai, har aka gaji da tambaya. Tagar baya aka sa mata katako, saboda ɓarayi. Aka sanar a zumunta cewa masu zuwa addu'a su riƙa zuwa a ƙungiya, ban da ɗaiɗai, don kada a ɗaga wa marar lafiya hankali. Kowa ya san da wa ake.

Na je ofishin 'yan sanda. Wanda na samu a kanta ya tambaye ni ko akwai rauni. Na ce babu. Ya tambaya ko ita ce ta aiko ni. Ya tambaya ni wace ce a wurinta. Da na ce ba kowa, ya ce, "Mama, ki je gida ki huta."

Na roƙi matan zumunta, idan za su je, su tafi da kujerun roba daga coci. Emilia ta ce wannan cin fuska ne ga mai gida, kamar ana cewa ba shi da wurin saukar baƙi. Na ce to a yi addu'ar a tsakar gida. Ta ce a ɗakin ne abokan gaba suke, a nan za a yi yaƙin. Suka ƙara yawan zuwa, domin ciwon yana ƙaruwa. Suka ƙara da azumi. Suka ƙaro mai ganga.

Ganina da ita na ƙarshe a cikin matan zumunta ne. Na tsaya a bakin ƙofa na ƙi zama. Bernice ba ta iya gaisuwa ko da kai. Da aka rufe ido ta kalle ni, ta motsa leɓe ba sauti. Sunan 'yarta ta kira.

Ranar kasuwa ta rasu, da rana tsaka, get a kulle. Gershon ne ya same ta da yamma a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa. An ce ihun da ya yi har layi na uku an ji.

An yi jana'iza babba. Sai da maza biyu suka riƙe shi a bakin kabari. Emilia ta ce mini a hankali, "'Yan ƙungiya sun ɗauki abinsu. Ya ƙi ba da miji, ya ba da kansa. Ko a nan ya yi ƙoƙari." Tun ba a share makoki ba aka fara lissafa 'yan matan ikilisiya da za su dace da dattijo, sunan wata Jacinta ya fi yawo.

Da safen ranar da aka fara zaman gaisuwa, masu dako suka kwashe buhunan suka kai sito, domin baƙi daga Fadan Kaje suna bukatar wurin kwana. Kafin a gama dafa shayi an gama. Gershon yana tsaye daga nesa da hankici a hanci. Ya ce yajin yana damun sa.

Alhaji Mijinyawa ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya tsaya kusa da ni a bakin get yana neman takalminsa, ya yi magana bai dube ni ba.

"Ranar da ta rasu Gershon yana wurina tun hantsi. Ya zaro waya daga aljihu, abubuwan nan shuɗaye guda biyu suka faɗo a kan sikeli. Na ce, ba na madam ba ne? Ya ce nata ne. Na ce ga yaro da mashin, ya kai mata yanzu. Ya ce ba sauri, ya san lokacinta. Aka gama awo, ya ce a kawo masa waina. Ya ci, ya ƙara."

Ya sami takalmin ya tafi.

Bernice ba mayya ba ce. Asma take da ita. Garin citta ne ke shaƙe ta, mijinta ya sani, shi ya zuba buhunan a ɗakinta sito yana nan babu komai, shi ya riƙe maganinta a aljihu domin yana son kallo. Matan da suka je yi mata addu'a a kan buhunan suka zauna suna tafi. Bayan baƙi sun watse an mayar da buhunan ɗakin. Doreen ce ke kwana a ciki yanzu.